Wace Ce Sana'ar Gidanku?

Ina gaishe ku daga unguwar Al-Oud da ke kudancin birnin Riyadh, da fatan karatu da neman halak suna tafiya daidai a duk inda kuke.

A gidan da nake haya akwai wata tsohuwa a hawan ƙasa, Hajiya kawai muke ce mata. A Makka aka haife ta, ɗanta ta biyo da aiki ya kawo shi Riyadh. Ba ta taɓa taka Najeriya ba, amma Hausa take yi, irin tsohuwar Hausar nan da ta sha Larabci. Kakanta yana cikin mutanen da suka baro ƙasar Kano bayan Turawa sun ci birni a 1903, suka nufi gabas a ƙafa, suka yi shekaru a Sudan suna noma suna tara guzuri kafin su tsallaka Bahar Maliya.

Wata ranar Juma'a na sauka gaishe ta. Ta zuba min gahawa, ta turo min dabino, ta ce, "'Yata, ke 'yar ina ce a Kano?" Na faɗa mata unguwarmu. Ta ce, "A'a, ba inda babanki ya gina gida ba. Garinku na asali." Na faɗi sunan ƙauyen kakana. Ta ce, "To, wace ce sana'ar gidanku?" Na ce Baba ma'aikacin gwamnati ne, ya yi ritaya. Ta yi dariya har da tafa hannu. Ta ce, "Aikin gwamnati ai ba sana'ar gida ba ce. Mu marina ne, mutanen Kura. Kakana har ya rasu, in ya ga baƙin mayafi sai ya murza shi a yatsa ya ce wannan rinin bai nuna ba. Ku fa?"

Ban da amsa. Ni da aka haifa a Kano, na yi digiri a can, nake yin na biyu a nan, ban san abin da kakan babana yake yi da hannunsa ba. Ita kuwa da ba ta taɓa ganin Kura ba ta san nata.

Abin da ya ƙara min kunya, a makon ne malaminmu na darasin hanyoyin binciken tarihi ya haska mana hoton shafi guda na ƙidayar jama'ar da aka yi a Ingila a 1851. Shafin wani ƙaramin ƙauye ne. Gida-gida aka bi, aka rubuta sunan kowa, da dangantakarsa da maigida, da shekarunsa, da sana'arsa, da garin da aka haife shi. Ga maƙeri, ga mai gyaran ƙafar amalanke, ga mai jinka, ga makiyayin tumaki, ga 'yan ƙodago jere reras. Jikan jikan kowannensu zai iya zama yau a gaban kwamfuta ya nemo shi.

Ƙauyen Ingila na wancan zamani a kan coci aka gina shi. An kasa ƙasar gunduma-gunduma, sama da dubu goma, kowace da cocinta da limaminta. Tun 1538 aka umarci kowane coci ya riƙa rubuta duk jaririn da aka yi wa wankan shiga addini, da duk auren da aka ɗaura, da duk gawar da aka binne. Magidanta masu biyan haraji sukan taru a wani ɗaki na cocin su zaɓi masu kula da ginin, da mai kula da matalauta, da mai kula da hanyoyi, da ɗan doka na ƙauye. Manomi yana ba coci kashi ɗaya cikin goma na amfanin gonarsa. A 1836 aka yi dokar mayar da wannan ushiri kuɗi, abin da ya sa aka zana taswirar gonakin dubban gundumomi, kowace gona da sunan mai ita da na mai noma ta.

Kada mu ɗauka son talaka ne ya kawo wannan rubuce-rubuce. Lissafi ne. Kowace gunduma ita ke ciyar da matalautanta, don haka sai an san wane ne ɗan gari, wane ne baƙo. Wanda ya talauce a inda ba garinsu ba, ana iya tasa ƙeyarsa a mayar da shi gundumarsu. Bayan dokar 1834 kuma aka haɗa gundumomi rukuni-rukuni, aka gina gidajen aikin matalauta, inda ake raba miji da mata, a raba su da 'ya'yansu. Takardun da zuriyarsu ke murnar samu a yau, da yawansu na haraji ne da na wulaƙanci. Amma dai sunan ya tsira.

A wannan shekara ta 1851, a watan Fabrairu, wani Bajamushe mai suna Heinrich Barth, wanda ya riƙa kiran kansa Abdul Karim, ya shiga Kano a zamanin Sarki Usman ɗan Dabo. Ya ƙiyasta mazauna birnin sun kai 30,000, kuma sukan ninka a lokacin fatauci. Ya rubuta cewa kowane maigida yana biyan kuɗin ƙasa wuri 2,500, kowace rijiyar rini kuma ana biya mata wuri 700, ya ce rijiyoyin sun haura 2,000. Ya ƙiyasta tufafin da Kano ke fitarwa waje a shekara sun kai na wuri miliyan 300, ana kai su har Timbuktu da Gat da Murzuk da Tarabulus. Adadi ne mai sa mutum alfahari. Sai dai lissafin ya tsaya a kan rijiya da wuri. Wanda ya tsoma hannunsa cikin rijiyar, da matar da ta kaɗa zaren a ƙauye, ba su shiga ciki ba.

Ba wai ba mu da rubutu ba ne. Muna da Tarihin Kano da ya jero sarakuna tun daga Bagauda, muna da littattafan Shehu Usmanu da Abdullahi na Gwandu da Muhammadu Bello, muna da wasiƙun sarakuna, muna da waƙoƙin Nana Asma'u da jajoji ke ɗauka su kai wa matan ƙauyuka. Alƙalaminmu ya tafi ne ga addini da sarauta. Talakan ƙauye kuwa, a wani wuri dabam aka ajiye labarinsa, kuma sai mun san yadda ƙauyen yake kafin mu gane inda aka ajiye shi.

Tushen komai shi ne gandu. Uba da 'ya'yansa maza, ko wa da ƙannensa, suna noma gona ɗaya tun safe har wajen azahar, sannan kowa ya wuce gayaunarsa. Mai gandu shi ke riƙe da rumbu, shi ke ciyarwa, shi ke biyan haraji, shi ke yi wa saurayi auren fari. In aiki ya fi ƙarfin gida sai a kira gayya, a dafa abinci, makaɗa su zo, samari su yi gasar kunya. Manomin da ya kai dami dubu yana iya yin bikin dubu, ya samu sarautar sarkin noma. In an girbe, a fitar da zakka, dami ɗaya cikin goma, adadi ɗaya da na manomin Ingila, sai dai hanyar da take bi dabam ce.

A saman magidanta akwai mai unguwa, a samansa akwai mai gari. Hakimin da aka ba garin kuwa, a ƙasar Kano ta wancan lokaci yawanci a birni yake zaune kusa da sarki, jakadansa ne ke zuwa karɓar haraji da kai saƙo. Sai bayan zuwan Turawa aka tura hakimai su zauna a gundumominsu. Kowace babbar sana'a kuma da shugabanta: sarkin maƙera, sarkin pawa, sarkin aska, sarkin magina, sarkin kasuwa. Shi ke tara harajin 'yan sana'arsa, shi ke sasanta su, shi ake nema in sarki na son aiki. Yaro yana tasowa ya tarar da sana'ar gidansu yana koya, yawanci kuma a cikin masu irin sana'ar ake nema masa aure.

Ku ɗauki riga ɗaya ku ga hannu nawa ta bi. Da damina kowa manomi ne, sana'a sai rani. Manomi ya shuka auduga ya tsince. Mata su gurje ta su fitar da angurya, su shiɓe ta, su kaɗa zare da mazari, da kuɗin zaren nan ne uwa ke haɗa wa 'yarta kayan ɗaki. Masaƙi ya saƙa ƙyalle siriri mai faɗin 'yan yatsu, maɗinki ya harhaɗa. Marini ya jiƙa baba da ruwan toka a rijiya, ya jira ya nuna, ya yi ta tsomawa yana shanyawa. Mabugi ya ɗora a kan gungume ya buga da shuni har ya yi ƙyalli. Sannan dillali ya haɗa da bafatake, kaya su hau jaki ko raƙumi. Garin Kura, inda kakan Hajiya ya fito, ya yi suna ne a kan wannan baƙin tufafi mai ƙyalli da Buzaye ke naɗawa. Fartanyar da aka noma audugar maƙerin gari ne ya ƙera ta, da ƙarfen da aka narko daga tama. Takalmin bafataken kuma majemi ne ya jeme fatar da bagaruwa, baduku ya ɗinka.

Limamin gari yana yin abubuwa ukun nan da limamin coci ke rubutawa: raɗin suna, ɗaurin aure, sallar jana'iza. Bambancin shi ne a gaban shaidu yake yi, jama'a su riƙe. Ranar suna maroƙi ya ɗaga murya ya sanar, wanzami ya yi aski ya yi wa jariri tsagar gidansu. Wannan tsaga ita ce takardar shaidar mutum, da ita ake gane ɗan wane ne in ya ɓata ko an kama shi a yaƙi. Sauran labarin yana cikin sunayen unguwanni, irin su Dukawa da Soron Ɗinki a cikin Kano, da garuruwan da ake kira Rinji ko Tsangaya, da kirarin gida, da bakin tsofaffi. Matsalar ita ce, littafin coci yana iya shekara ɗari biyu a akwati yana jiran mai karatu, tsohuwa kuwa ba ta jira.

Misali ɗaya ya isa ya nuna abin da ke cikin kan tsohuwa guda. Baba mutuniyar Karo an haife ta wajen 1877, a wani ƙauye kusa da Zarewa a kudu maso yammacin ƙasar Kano. Danginta asalinsu Barebari ne, manoma da malamai. Tsakanin ƙarshen 1949 da farkon 1950, a garin Giwa ta ƙasar Zazzau, ta zauna da wata Baturiya mai suna Mary Smith ta ba ta labarin rayuwarta da Hausa. Baba ta rasu a 1951, littafin ya fito da Turanci a 1954, kuma har yau yana cikin manyan madogaran masu nazarin rayuwar matan ƙauyen Hausa kafin zuwan Turawa. Ba 'yar sarauta ba ce, ba ta yi boko ba, ba ta haihu ba. An tambaye ta ne kawai, aka rubuta.

Kuma ba ta yi wa zamanin kwalliya ba. Ta faɗi bukukuwa da ƙawance da kasuwa, ta kuma faɗi yadda in mahara suka taso mutanen ƙauye ke gudu su shige cikin ganuwar Zarewa, da yadda aka kama wasu danginta sai da aka tara wuri aka fanso su. Ta faɗi cewa su ma gidansu suna da bayi a rinji, masu yi wa iyayengijinsu noma kafin su juya ga nasu 'yan gonakin. Wannan ɓangare ne mu 'yan boko muke tsallakewa in muna yi wa abokan karatu Larabawa da Turawa alfahari da Daular Sakkwato. Gaskiya ita ce, kaso mai yawa na hatsi da auduga da baban da suka ɗaukaka Kano, bayi ne suka noma su. Akwai murgu, inda bawa ke biyan ubangijinsa wani abu don ya yi aikin kansa, akwai fansa, inda yake sayen 'yancinsa, amma bauta bauta ce. Dokar Turawa ta ce duk yaron da aka haifa daga 1 ga Afrilun 1901 ɗa ne, amma ba a soke bautar gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. Nan Saudiyya kuwa sai 1962. Ba tsohon labari ba ne kamar yadda muke so mu ɗauka.

Daren da Hajiya ta ƙure ni na kira Baba. Ya ce shi dai ya tashi ya ga mahaifinsa yana noman gyaɗa, in tambayi Gwaggo. Gwaggo yayarsa ce, ta haura tamanin, tana ƙauye. Sai da na yi kwana uku kafin na same ta a wayar jikanta. Bayan gaisuwa na ce, "Gwaggo, wai mu wace ce sana'ar gidanmu?" Ta ce, "Ikon Allah! Yau kuma? Ai masaƙa ne mu." Ta ce ta taso ta ga kakansu yana saƙa a gindin wata bishiya a ƙofar gida, ƙoshiyarsa ma ta daɗe a ɗakin mahaifinsu kafin ta ɓata. Ta ce abin ya mutu ne a hannun mahaifinsu, domin yadin kanti ya yi arha, gyaɗa kuma ta fi kawo kuɗi. Na duba na ga maganarta ta hau kan tarihi: jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, masaƙar zamani ta Kaduna kuma ta fara aiki a 1957.

Sai na ce, "To shi kakan naku, wace ce mahaifiyarsa?" Ta yi shiru har na zaci layin ya yanke. Can ta ce, "Ba 'yar garin ba ce. Kawo ta aka yi tana yarinya, daga kudu. Kakarmu ta ce tsagar fuskarta ba irin tamu ba ce, kuma sunan da ake kiranta da shi a nan aka sa mata. Ba a cika maganar ba." Na ce, "Wane gari ne nasu?" Ta ce, "Wa ya tambaye ta, 'yar nan?"

Na daɗe zaune bayan mun yi sallama. Jininta yana jikina, amma sunan da uwarta ta raɗa mata ya tafi, harshenta ya tafi, garinsu ya tafi. Abin da ya rage jimla uku ne a bakin Gwaggo. Da na ƙara jinkirin wasu shekaru, da su ma sun bi ta.

Kullum in zan fita ina wuce katangar maƙabartar Al-Oud. A cikinta aka binne Sarki Abdul'aziz a 1953, da Sarki Fahad a 2005, da Sarki Abdallah a 2015, a kaburbura marasa gini, marasa suna, kamar na kowa. Mu ma haka muke binne namu, kuma daidai ne. Sai dai sarakunan nan ba su rasa komai da rashin suna a kabari ba, domin littattafai cike suke da labarinsu. Masaƙi da marini da yarinyar da aka kawo daga kudu su ne ba su da kabari sananne, ba su da shafi a littafi. In mu jikokinsu ba mu riƙe su ba, babu wata hukuma da za ta riƙe mana.

Mu da ke waje abin ya fi shafa. Yaran da ake haifa mana a Riyadh da Jidda da Alƙahira da Landan za su girma a tambaye su su wane ne, kuma "ɗan Najeriya" ko "ɗan Nijar" ba zai ƙosar da su ba. Dubi dangogin nan Saudiyya masu amsa sunan Hausawi da Fallata da Barnawi: wasu sun riƙe sunan gari da sana'a kamar Hajiya, wasu kuwa sunan ƙabilar kaɗai ya rage musu.

Don haka ga roƙona a wannan mako. Kuɗin katin da muke ƙonawa a kallon bidiyo ya isa a kira tsoho ko tsohuwa mafi shekaru a dangi. A nemi izininsu a naɗi muryar. A tambaye su sunan garin asali da unguwa, da abin da ya taso da dangi daga can. A tambayi sana'ar maza da sana'ar mata, domin in ba a ware an tambaya ba, ta mata ba ta fitowa. A tambayi irin tsagar gidan, da kirarinsa, da waɗanda ake wasa da su. A tambayi wace kasuwa ake ci, wa ke limanci, wa ke yi wa gidan aski. In ba su san shekara ba, a tambaye su zamanin wane sarki ne, ko kafin wace yunwa, ko bayan zuwan jirgi, daga baya a lissafa. In an zo wurin da suka yi shiru, kada a matsa, amma kada a share. A rubuta yadda aka ji, da mai daɗi da marar daɗi, a tura wa 'yan'uwa don kada ya tsaya a waya ɗaya.

Jiya na sake sauka wurin Hajiya. Tun kafin in zauna na ce, "Hajiya, na samo amsarki. Masaƙa ne mu." Ta ce, "Ma sha Allah! Ku saƙa, mu rina. Ashe tun can muna tare." Na ba ta labarin yarinyar da aka kawo daga kudu. Ta jima ba ta ce komai ba, sannan ta ɗaga hannu ta yi mata addu'a, muka shafa.

Wanda ya tambaya ya samo wani abu, ya aiko mana, in Allah ya so za mu kawo wasu daga ciki a wannan fili, ba tare da sunan kowa ba sai da yardarsa. Allah ya jiƙan magabatanmu, waɗanda muka san sunansu da waɗanda ba mu sani ba. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.